Daga Gindin Dutsen Kwatarkwashi Zuwa Kogunan Bama

Kwatarkwashi, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, a kan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe ta nufi Gusau, tana cikin tsofaffin garuruwan da suka kafu a jikin dutse tun kafin jihadi, domin a zamanin da doki yake shi ne ƙarfin mayaƙi babu ganuwar da ta kai dutse tsare mai rauni. A filayen da suke kewaye da wannan dutse ne, a ƙarshen watan Fabrairu na shekarar 1903, aka yi karon da ya karya rundunar dawakin Kano, kuma duk wanda ya bi tarihin sojan da suka yi nasara a ranar zai tarar cewa zaren bai tsinke a Zamfara ba, ya miƙe har tuddan Habasha da kwazazzaban ƙasar Bama bayan shekara arba'in.

A watan Janairu na 1903 Sarkin Kano Aliyu Babba ya fita da manyan hakimansa da baradensa zuwa Sakkwato domin yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya gaji Abdurrahman a ƙarshen 1902. Yana can ne Gwamna Lugga ya tura Kanar Morland daga Zariya da soja kimanin 700, da manyan bindigogi masu rusa ganuwa, da bindigar Maxim mai aman harsashi ba ƙaƙƙautawa, suka fasa Bebeji a hanya, suka shiga birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu. Labarin ya riski Aliyu yana kan hanyar komawa, a ƙasar Zamfara, kuma nan shawara ta rabu tsakanin masu ganin a koma a gwabza, da masu ganin a yi hijira, da masu ganin a nemi sulhu. A Birnin Goga, kusa da Ƙauran Namoda, sarkin ya sulale cikin dare ya nufi arewa, inda daga baya aka kama shi a ƙasar Gobir, aka tsare shi har ya rasu a Lakwaja a 1926. Rundunar da ya bari ta kasu biyu: Wambai Abbas ya ja wani ɓangare ya koma Kano ya miƙa wuya, Lugga ya naɗa shi sarki a watan Afrilu, shi kuwa Waziri Ahmadu ya ja sauran ya nufi gabas da niyyar ko ya ƙwato birnin ko ya mutu a hanya.

Waɗanda Waziri ya ci karo da su 'yan sintiri ne daga rundunar Turawa ta Janar Kemball, irin dakarun da suke tafiya a kan doki domin sauri amma idan faɗa ya zo sai su sauka su yi shi a ƙasa. Shugabansu Laftanar Wallace Wright ne, tare da wani hafsa Bature guda da soja 44. Da suka hango ƙurar dawaki sai suka yi abin da aka hore su a kansa, wato sahu mai kusurwa huɗu, inda soja suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar gabas da yamma da kudu da arewa, dabbobinsu suna tsakiya, ta yadda babu ɓangaren da mahayi zai zagayo ya same su ta baya. Dabarar yaƙin sarakunan ƙasar Hausa kuwa ta dogara ne a kan sukuwa guda mai nauyi, barade da 'yan lifida, wato mahayan da aka lulluɓe su da dawakinsu da rigar auduga mai kauri, su faɗa wa abokan gaba da mashi da takobi har sahunsu ya watse. Lifidi yana tare kibiya, amma ba ya tare harsashin bindigar zamani, kuma doki ba ya yarda ya afka cikin wutar da ba ta yankewa. Bayanin da Turawa suka rubuta ya ce mahaya 1,000 da dakaru 2,000 ne suka yi ta kawo hari har tsawon awa biyu. Lissafin wanda ya ci yaƙi ne, kuma ya kamata a karɓe shi da taka-tsantsan, amma babu jayayya cewa mutanen Kano sun yi ta dawowa bayan sun ga abin da yake samun na gabansu, kuma Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin tare da wasu manyan masu sarauta, abin da ya sa Kanawa suke kiransa Mai Shahada.

An ba Wright lambar Biktoriya, wadda ita ce mafi girman lambar jarumta a sojan Ingila, kuma sunansa yana cikin kowane littafin da ya taɓo wannan yaƙi. Mutum 44 ɗin da suka tsaya a sahun kuwa, waɗanda da ɗayansu ya juya baya da duka sun hallaka, baƙaƙen fata ne na Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897, kuma tushenta yana komawa ga ƙungiyar Hausawan da Kyaftin Glover ya ɗauka aiki a Legas a 1863. Akwai Hausawa da Yarbawa da wasu ƙabilu a cikinta, da dama daga cikinsu mutanen da suka tsere wa bauta ne ko waɗanda yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka raba da gidajensu, kuma Hausa ita ce harshen bariki. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma tarihin da ya ɓoye ta ya tauye kansa: hafsoshi da makamai na Ingila ne, ƙafa da kafaɗa kuwa na 'yan ƙasa ne. Su ne suka ratsa dajin Zamfara cikin hunturu da ƙarancin ruwa, a lokacin da gulabe suka zama rairayi, har suka kai Sakkwato, wadda ta faɗi ranar 15 ga Maris, kafin a kashe Attahiru a Burmi a watan Yuli.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, wanda mutanen arewa suka fi sani da yaƙin Hitila, wannan Runduna ta Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma ce dai aka faɗaɗa, sarakuna suka taimaka wajen ɗibar samari daga garuruwa da ƙauyuka. Birged ta 23 ta Nijeriya ta yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka a ƙarƙashin Janar Cunningham, ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941 bayan an ƙetare kogin Juba, ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 zuwa Jijiga, ta hau tuddan mashigar Marda ranar 21 ga Maris, ta wuce Harar, sannan a farkon Yuni ta haye kogin Omo yana cike da ruwan damina.

A Bama ne aikin ya fi tsanani. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Nijeriya a 1943 a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, an tura ta kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, ƙasar da tuddai masu tsini suke jere ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kurmin gora a jikinsa da rafi a ƙarƙashinsa. Babu hanyar mota, sai da sojan suka sare daji suka fasa ta da adda da diga da shebur, kuma abincinsu da harsashinsu daga jirgin sama ake jefo musu da lema. Abin da ya sa aka zaɓe su ga wannan wuri shi ne suna tafe da rukunonin 'yan dako, sojan da aikinsu ɗaukar kaya a ka ne, mafi yawansu ba su riƙe da bindiga, waɗanda suke hawa inda alfadari yake turjewa. Idan an iso kogi su ne suke sare gora su ɗaure ta a yi abin haye, ko su shiga ruwa iya ƙirji da akwatin harsashi a ka, su fito da matsattsaku a ƙafafu su kama hawan tudu na gaba, kuma su ne suke saukowa da waɗanda aka raunata a kan makara. Ba banza ba tambarin Runduna ta 82, wadda ta biyo baya a 1944, ya kasance mashi biyu da aka gitta a kan gammo.

Sojan Japan sun ƙware wajen haƙa ramuka a ƙwanƙolin tudu su rufe su da gungume da ƙasa, ta yadda mai hawowa ba ya ganin inda wuta take fitowa sai ya zo dab da ita. A nan sahun kusurwa huɗu ba shi da amfani, domin mai bindiga a ɓoye shi ne yake jira, sojan Ingila kuwa su ne suke tahowa a fili, kamar yadda baraden Kano suka taho. A farkon Maris na 1944 Japanawa suka ƙwace tudun Pagoda kusa da Kyauktaw, suka tilasta wa Runduna ta 81 ja da baya daga kwarin, kuma sai bayan damina ta sake shigowa, ta haɗu da ta 82 suka karɓi tsohon birnin Myohaung a ƙarshen Janairu na 1945. A wannan tsakanin kuma Birged ta 3 ta Nijeriya tana can bayan layin abokan gaba tare da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit.

Mafi yawan waɗanda suka tsira sun dawo gida a 1946, Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙarsa ta Maraba da Soja, jama'a suka riƙa ce musu 'yan Bama ko mazan jiya. Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a jikin barikokin Nijeriya: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Mogadishu a Abuja. Sunayen mutanen kuwa sai a gidajen jikokinsu, inda har yanzu akan samu tsohuwar lambar yabo ko takardar sallama a ƙasan adaka. Ya kamata masana tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gusau da masarautun Bungudu da Kwatarkwashi da Tsafe su bi gidajen nan su rubuta abin da ya rage a bakin dattawa, game da waɗanda suka faɗi tare da Waziri Ahmadu da kuma waɗanda suka haye Kaladan, tun masu iya ba da labarin suna raye.