Masu Girkin Bakin Tasha: Tarihin 'Yan Daudu Daga Kano Zuwa Iyakar Maigatari

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari takan cika ta batse. Raƙuma da shanu da tumaki na kwararowa daga ƙasar Damagaram, manyan motoci na jiran lodi zuwa Kudu, dillalai da 'yan kamasho na ta kai-kawo tun kafin rana ta ɗaga. Mafi yawan wannan taro maza ne da suka baro gidajensu, wasu tun daren Laraba, kuma dole su ci abinci. Wa zai dafa musu? A tsawon ƙarni na ashirin, a tashoshin mota da kasuwannin ƙasar Hausa, wani kaso na wannan aiki yana hannun wasu maza da ake kira 'yan daudu.

Dalilin a fili yake. Matar aure tana cikin kulle; in tana sana'ar abinci, daga cikin gida take yi, yara su fita talla. Namiji kuwa, a tsohuwar al'ada, yakan yi fawa, yakan gasa tsire da balangu, amma tuƙa tuwo da kaɗa miya aikin mata ne. Tsakanin nan akwai gurbi, kuma gurbin ya faɗaɗa da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma ja layin dogo ta Ringim da Gagarawa har Nguru a 1930. Cinikin gyada ya tara leburori da 'yan dako da fatake a garuruwan kan hanya, samarin ƙauyuka irin na yankin Sule Tankarkar suka riƙa fita cin rani. Ɗan daudu ya iya abin da mace ta iya, kuma yana da damar da ba ta da ita: ya kafa rumfa a bainar jama'a, ya kai tsakar dare yana sayar da shinkafa da miya, da soyayyar kaza, da farfesu.

Sunan yana da alaƙa da bori. Daudu laƙabi ne na Galadima, kuma a cikin iskokin Jangare akwai Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai son ado da turare da kyauta ba lissafi. Fremont Besmer, wanda ya yi nazarin borin Kano ya kuma fitar da littafi a 1983, ya nuna yadda 'yan daudu ke halartar wasan, suna rawa da hidima, ko da ba dukansu ne dawakin iskoki ba. Masu jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun yaƙi bori, amma bai mutu ba. Ya koma gefen gari, cikin gidajen mata masu zaman kansu ƙarƙashin magajiya. Masarautar Gumel, inda Maigatari take, wadda Mangawa suka kafa wajen 1750, ba ta ma shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, da Barno take ɗasawa. Sai dai zamanin Turawa ya haɗa ta da sauran masarautu a cikin Lardin Kano, kuma daga nan abin da ya shafi Kano na kasuwa da doka ya shafe ta.

Renée Pittin, da ta yi bincike a birnin Katsina a shekarun 1970, ta tarar da 'yan daudu suna zaune a gidajen matan nan, suna girki, wasu suna kawalci tsakanin mata da maza masu zuwa nemansu. Wannan ɓangare na tarihinsu shi ya fi ja musu baƙin jini, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Amma wanda ya tsaya a nan bai ga rabin rayuwar ba.

Yaron da ya tashi yana son wasan 'yar tsana, yana karairaya in zai yi magana, yana maƙale da mahaifiyarsa a madafa, yakan sha duka da gori tun daga gida. Da yawa sukan gudu. Wanda ya yi sa'a sai ya faɗa hannun wani babban ɗan daudu da zai zame masa uwa, shi kuma ya zama 'yarsa. A nan zai fara da wanke-wanke da jajjage da fige kaji, a hankali a bar masa tukunya, in ya ƙware uwar ta haɗa masa jari da kwanuka ya buɗe tasa rumfar. A tsakaninsu suna kiran juna ƙawa, suna cewa "ke", suna laƙaba wa juna sunayen mata. Suna adashi. Suna yin biki da ajo, inda kowa zai zuba gudummawa ana lissafe, don ranar da nasa ya zo a mayar masa. Mai ciwo a yi jinyarsa, wanda aka kama a haɗa kuɗin beli. Ga mutumin da danginsa suka juya wa baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma baki. Ko masu ƙinsu sun yarda cewa wajen habaici da karin magana da zambo cikin fara'a ba a kama ƙafarsu. Rudolf Gaudio, Ba'amurke masanin harshe da ya fara zama da su a Kano a 1993, ya naɗi hirarrakinsu masu yawa, kuma littafin da ya wallafa a 2009 ya ɗauki sunansa ne daga amsar da sukan bayar in an tsangwame su, cewa Allah ne ya yi su. Abin da ya fito daga bakinsu ya bambanta da abin da jaridun yau ke kira masu sauya jinsi a Turai da Amurka, waɗanda sukan nemi a canza musu suna a takarda, wasu har da magani ko tiyata. Yawancin 'yan daudu suna ɗaukar kansu maza ne masu yin abu kamar mata. Sukan ɗaura zane a kan riga lokacin aiki, ranar Juma'a su sa babbar riga da hula su tafi masallaci. Da yawa sun yi aure sun haifi 'ya'ya, sun aurar da ƙannensu da kuɗin tuwo. Burin kusan kowannensu shi ne sauke farali, kuma wasu sun zauna shekaru a Jidda suna sana'ar abinci cikin 'yan takari, suka dawo da haƙorin Makka da 'yan kalmomin Larabci a baki.

Ba su jahilci hukuncin malamai ba. Sun san hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, mai la'antar maza masu kamanta kansu da mata, kuma da yawansu sukan yi fatan shiriya, su ce wata rana za su tuba su bar daudu. Abin da ba a cika karantawa a wa'azin kasuwa ba shi ne bayanin Imam Nawawi a sharhin Muslim, inda ya raba wanda aka halitta da laushin murya da tafiya, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Da iyaye sun san wannan rarrabewa, da wataƙila yara da dama ba su kwana a tasha ba.

Doka ta daɗe da saninsu. Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sa namiji mai shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza, a sashe na 405. Duk da haka, shekaru da yawa abin bai wuce kame jefi-jefi da korar mata masu zaman kansu in an yi fari ba. Har 'yan siyasa sukan nemi magajiya da jama'arta don cika taro, matan manya kuma su kira 'yan daudu girkin biki.

Shekarar 2000 ce ta sauya lissafi. Zamfara ta fara aiki da shari'a a watan Janairu, Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, ta ƙaddamar da tata a watan Agusta zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. A shekarar ce Kano ta yi dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala, wadda ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira 10,000 ga namijin da ya kwaikwayi ɗabi'ar mata. Aka rufe gidajen mata, masu gidajen haya suka riƙa ba da notis. Wasu suka nufi Abuja da Legas, wasu suka tsallaka Nijar, amma can ma ba a tsira ba: a watan Nuwamban 2000 masu zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA sun far wa mashaya da gidajen mata a Maraɗi. A daidai wannan lokaci ƙanjamau na yi wa wannan jama'a ɗauki ɗai-ɗai, kuma tsoron kame ya sa da yawa suka guji asibiti.

A watan Agustan 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauci bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi mai ɗaurin shekara 14, kuma ko da yake ba ta ambaci daudu ba, ta sa an ƙara zura ido kan duk namiji mai rangwaɗa. Abin lura shi ne bayan zuwan shari'a ne fim ɗin barkwanci na marigayi Rabilu Musa, Ibro Ɗan Daudu, ya shiga gidaje, mata da yara suna kallo suna dariya, alhali mutanen da ake kwaikwayo suna rasa rumfunansu.

Waɗanda suka rage a sana'ar sun koyi rage murya. Zanen ya koma cikin ɗaki, "ke" ta koma "kai" in akwai baƙon ido. Wasu sun koma girkin biki da kwalliyar amare da dillancin atamfa, inda abokan cinikinsu mata ne a cikin gida, samari kuma sun koma TikTok, inda ake samun mabiya da kuɗin talla, ake kuma samun sammacin Hisba.