Sandar Kiwo: Yadda Makiyayi Ya Zama Sunan Shugaba a Littafin Kirista

A yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, ba kowane mai tumaki ne ke bin su daji ba. Manomi kan sayi tunkiya bayan kaka ya ba da kiwo, matar aure ma haka. Muddin dabba tana dawowa da ƙiba, babu wata magana. Ranar da aka rasa ta ne ake zama a yi tambaya: kura ce, ciwo ne, ɓarayi ne, ko kuwa sakaci? Wanda ya san irin wannan zama ya riga ya riƙe mabuɗin abin da Littafi Mai Tsarki na Kirista yake nufi da makiyayi, domin tun farkonsa mutum ne da aka damƙa wa dukiyar wani, kuma za a ƙirga a gabansa.

Littafin Fitowa, sura ta 22, ya kafa doka a kan haka. Idan an sace dabbar a hannun mai kiwo, zai biya. Idan naman daji ne ya kashe ta, sai ya kawo abin da ya rage a matsayin shaida, a sallame shi. Amos, wanda shi kansa makiyayi ne daga Tekowa a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambaci mai kiwon da ke fizge ƙafafu biyu ko guntun kunne daga bakin zaki. Ba nama yake nema ba, hujja yake nema. A Farawa sura ta 31 kuwa, Yakubu ya tsaya gaban surukinsa Laban yana lissafa masa shekara 20 na hidima: zafin rana, sanyin dare, rashin barci, da biyan duk abin da ya salwanta daga aljihunsa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, kuma Yakubu yana cewa ne shi ya yi nasa askin har da ƙari.

Kiran sarki da makiyayi bai fara daga Bani Isra'ila ba. Hammurabi na Babila, wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kira kansa da wannan suna a dutsen da ya rubuta dokokinsa, fir'aunonin Masar kuma ana zana su riƙe da sanda mai lanƙwasa. A wurinsu kirari ne na fada. Abin da littattafan Ibraniyawa suka yi shi ne mayar da kirarin tuhuma. Dauda daga bayan tumakin mahaifinsa a Baitalami aka kira shi aka naɗa shi sarki, amma da ya ƙwace matar Uriya, annabi Natan ya zo masa da labarin attajirin da ya yanka 'yar tunkiyar matalauci ɗaya tilo don ya yi wa baƙo abinci. Sarki ya fusata ya yanke hukunci, sannan aka gaya masa kansa ya yanke wa. A Zabura ta 23, wadda al'ada ta jingina wa Daudan, an juya hoton gaba ɗaya: mai magana shi ne tunkiya, Ubangiji ne mai sanda.

Inda maganar ta fi zafi shi ne Ezekiyel sura ta 34, bayan da Babila ta rushe Urushalima wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Annabi Isa. Annabin yana cikin waɗanda aka kwashe zuwa bauta, kuma bai ɗora laifin a kan maƙiya kaɗai ba. Ya tuhumi shugabannin ƙasarsa da shan nono, sa ulu da yanka masu ƙiba, alhali ba su yi jinyar marasa lafiya ba, ba su ɗaure karaya ba, ba su bi sawun waɗanda suka ɓata ba. Hukuncin da ya sanar shi ne mai garke zai karɓe kayansa ya yi kiwon da kansa. Akwai kuma wani ɓangare da masu wa'azi kan tsallake, ko don yana taɓa masu sauraro ne: tumakin ma za a yi musu shari'a a tsakaninsu, domin ƙarfafa suna cin ciyawa su tattake saura, su sha ruwa su gurɓata mashaya, su tunkuɗe raunana.

A zamanin Yesu, sana'ar ta yi ƙasa a idon mutanen gari. Talmud na Yahudawa, wanda aka rubuta daga baya, ya sa makiyaya cikin waɗanda ba a karɓar shaidarsu, saboda zargin sakin dabbobi cikin gonakin mutane. Duk wanda ya taɓa zama a zauren hakimi lokacin kaka ya san wannan ƙara. Shi ya sa Kiristoci ke ganin ma'ana a labarin Luka sura ta 2, inda masu tsaron garke da dare ne suka fara jin albishir na haihuwar Almasihu. A sura ta 15, Luka ya kawo misalin mai tumaki 100 da ya bar 99 ya tafi neman guda. A Yahaya sura ta 10, Yesu ya kira kansa makiyayi mai kyau, ya bambanta shi da ɗan ƙodago wanda ke gudu in ya hango kyarkeci. Ya ce tumaki sun san muryar mai su, yana gaba suna biye. Mai karatu a Landan sai an yi masa bayani, tun da can da kare ake koro tumaki daga baya. Mutumin Gummi kuwa kullum yana ganin yaron Fulani a gaba, sanda a wuya, garke na bin kiransa.

Kiristocin farko sun riƙe wannan hoto kafin su saba da zana gicciye. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum, da wani gidan ibada na ƙarni na 3 a Dura-Europos da ke Siriya, an sami zanen saurayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa. Da coci ta yi ƙarfi, sai sunan ya koma kan shugabanninta. Fafaroma Gregory na ɗaya ya rubuta littafi a kan aikin kiwon jama'a wajen shekara ta 590, wanda bishop-bishop na Turai suka yi ƙarnuka suna karantawa. Sandar da bishop ke riƙewa a yau ta mai kiwo ce, ko da an yi mata ado da azurfa. A ganina, a wannan doguwar tafiya hoton ya yi laushi fiye da kima. Abin da ya iso bangon ɗakuna a jikin kalanda shi ne mutum mai tsabtar riga da ɗan rago fari, babu ƙaya, babu ƙura, babu mai dukiya da ke jiran lissafi.

Zuwan labarin cikin Hausa ya ɗauki lokaci. James Frederick Schön ya fassara sassan Sabon Alkawari a ƙarni na 19. Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun farkon mulkin Turawa, shi ne jigon aikin da ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulunci, don haka a lardin Sakkwato sai ta hanyar jinya aka fi shiga, kamar asibitin kutare na ƙungiyar mishan ta SIM a Amanawa. A ƙasar Zuru, maƙwabciyar Gummi ta kudu, mishan ya kafu tun shekarun 1920, fadan Katolika 'yan Dominikan daga Amurka kuma suka sauka Gusau a shekarun 1950. Har yau Kiristocin Anka da Bukkuyum da Gummi tsiraru ne, da yawansu ma'aikata da 'yan kasuwa da mutanen Zuru.

Amma hoton bai zo wa maƙwabtansu Musulmi a matsayin baƙo ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sa kowane mutum a matsayin mai kiwo da za a tambaya a kan abin da aka ba shi, tun daga shugaba har maigida. Wani hadisin ya nuna babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba. Suratul Anbiya ma ta kawo shari'ar da Annabi Dauda da Annabi Sulaiman (AS) suka yi a kan tumakin da suka shiga gona da dare.

Abin da ya sauya shi ne daji. Tun wajen 2011 satar shanu ta yi ƙamari a Zamfara, kuma masu kiwo na cikin waɗanda suka fara asarar garkensu, kafin abin ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane da ƙone garuruwa. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Faston da zai karanta Yahaya sura ta 10 a irin wannan wuri yana magana ne da mutanen da wasunsu suka bar gonakinsu, kuma dole ya raba musu tsakanin mai sanda da mai bindiga. Surar Ezekiyel kuwa ta dawo da kaifinta. Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, a saƙonsa na Kirsimeti na 2020, ya tuhumi gwamnatin Muhammadu Buhari da gaza kare rayuka da nuna son kai wajen naɗe-naɗe. Fadar shugaban ƙasa ta mayar da martani, wasu ƙungiyoyin Musulmi suka nemi ya ba da haƙuri, ƙungiyar Kiristoci ta CAN kuma ta tsaya a bayansa.