Tarihin Karatun Digirin Farko na Likitancin Haƙori

Digirin farko na likitancin haƙori shi ne shahadar da jami'a take bai wa ɗalibi bayan ya shafe shekara biyar ko shida yana karatun halittar jikin ɗan Adam da cututtukan da suke kama shi, sa'an nan ya keɓanta ga abin da ya shafi baki, watau haƙora da dasashi da harshe da muƙamuƙi, har malamansa suka shaida cewa ya isa a sakar masa majiyyaci ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. A Ingila da yawancin ƙasashen da suka gaji tsarinta, kamar Indiya da Nijeriya, ana kiran wannan shahada BDS, kuma daga sakandare ake shiga karatunta. A Amurka kuwa ana kiranta DDS ko DMD, kuma bisa al'ada sai wanda ya riga ya yi wani digiri ake ɗauka, ya ƙara shekara huɗu. Ko da yake ciwon haƙori ya girmi rubutu, wannan shahada ba ta cika shekara 200 ba tukuna, kuma dalilin jinkirin shi ne masu ilmin ɗibbu sun daɗe suna ganin sa hannu cikin bakin mutum bai dace da darajarsu ba, su kuma masu sa hannun ba a buɗe musu ƙofar ilmi ba.

Mutum na farko da tarihi ya riƙe sunansa a wannan sana'a shi ne Hesy-Ra, wani babban ma'aikacin fadar Fir'auna Djoser a Masar, wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wanda aka tarar a kabarinsa da ke Saƙƙara an rubuta masa muƙamin shugaban masu maganin haƙori. Amma abin da mutanen dā suka fi ɗauka game da ciwon shi ne wai wata tsutsa ce take shiga ta riƙa cin haƙorin daga ciki. Wannan zato yana cikin allunan yumɓu na mutanen Babila, ya ratsa ƙarnoni masu yawa, har a ƙarni na 13 wani malamin Dimashƙa, Aljaubari, ya tona asirin mayaudaran da suke ɓoye tsutsa a cikin kayan aikinsu su nuna wa majiyyaci wai daga bakinsa suka ciro ta. Kuma har yau ba a rasa masu cin abinci da wannan dabara a kasuwanninmu.

Malaman Musulunci sun ba wannan fanni kulawar da Turai ba ta ba shi ba a zamaninsu, ga kuma sunnar asuwaki da ta sa tsabtace baki ya zama ibada. Hunainu ɗan Is'haƙa, babban mai tarjama na Bagadaza, wanda shi Kirista ne, ya rubuta risala a kan kiyaye haƙora, Arrazi da Ibn Sina kuma suka yi babi-babi a kan cututtukan baki. Wanda ya fi su shiga cikin aikin shi ne Abulƙasim Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013. A cikin maƙala ta 30 ta littafinsa Attasrif ya zana surar kayan aiki da dama, har da ƙarafan kankare dattin da yake daskarewa a gindin haƙori, kowanne da irin lanƙwasarsa gwargwadon wurin da za a kai shi. Ya bayyana yadda ake ɗaure haƙorin da yake girgiɗi a jikin na kusa da shi da zaren zinariya, ya fifita ta a kan azurfa domin ita azurfa tana ɓaci a baki. Kuma ya yi kashedi da gaggawar jahilan masu ƙaho, waɗanda sukan karya haƙori su bar saiwarsa, ko su cire lafiyayye su bar mai ciwon. An fassara wannan maƙala zuwa Latin a birnin Toledo a ƙarni na 12, likitocin Turai suka yi ta karanta ta shekaru ɗaruruwa. Duk da haka ba makaranta aka kafa ba. Ilmin ya zauna a littafi, aikin kuwa ya zauna a hannun wanzamai, a Turai kamar yadda yake a ƙasar Hausa, inda mai aski shi ne mai ƙaho, shi ne kuma mai awartaki. A Landan wanzamai da masu fiɗa ƙungiya ɗaya suke tun daga 1540, ba su rabu ba sai 1745.

Faransa ce ta fara sa doka. A 1699, zamanin Sarki Louis na 14, aka hukunta cewa wanda zai yi aikin haƙori a Paris sai masu fiɗa sun jarraba shi. A cikin wannan hali Pierre Fauchard, wanda ya koyi fiɗa a rundunar jiragen ruwa inda ya ga yadda rashin ɗanyen abinci yake ruɓar da dasashin matuƙa, ya wallafa littafinsa mai mujalladi biyu a 1728, ya tattara duk abin da ya sani game da ciko da cirewa da haƙoran da ake ƙerawa, ya kuma ƙaryata zancen tsutsa. Falalar Fauchard, a ganina, ta fi ƙarfi a wajen karimcinsa da ilmi, domin a zamaninsa kowane mai sana'a ɓoye sirrinsa yake yi sai ga ɗansa ko yaronsa, alhali ba a iya karantar da abin da aka ɓoye, balle a yi jarrabawa a kansa. A Ingila John Hunter ya biyo baya a 1771 da littafinsa a kan halittar haƙoran ɗan Adam.

Makarantar farko a duniya da aka kafa domin wannan fanni kaɗai ita ce kwalejin Baltimore a jihar Maryland ta Amurka, wadda Horace Hayden da Chapin Harris suka samo mata izini daga majalisar jihar a 1840. Da ɗalibai biyar aka fara, biyu suka karɓi shahadar DDS a 1841, kuma karatun duka na 'yan watanni ne a shekara. Ƙanƙantarta kada ta ruɗi mai karatu, gama a nan ne aka yanke wani hukunci wanda har gobe ake rayuwa a ƙarƙashinsa, watau likitan haƙori ya sami makarantarsa dabam da shahadarsa dabam, ba reshe ne da likita yake hawa bayan ya gama ɗibbu ba, kamar yadda likitan ido ko na kunne yake yi. Wannan rabuwa ta ba fannin damar girma da sauri, ta kuma jawo hasarar da ake gani har yanzu, inda ake lura da baki kamar ba a jikin mutum yake ba. Ba a jima ba masu wannan sana'a da ake rainawa suka yi wa ɗibbu kyautar da ba ta da tamka: Horace Wells ya gwada iskar gusar da zafi wajen cire haƙori a 1844, William Morton kuma ya nuna amfanin wani sinadarin gusar da zafi dabam, watau ether, a asibitin Massachusetts da ke Boston ranar 16 ga Oktoba 1846, daga nan fiɗa ta daina zama azaba. A 1866 Lucy Hobbs ta zama mace ta farko da ta sami wannan shahada, a Ohio. A 1867 Jami'ar Harvard ta buɗe makarantarta, ta farko a Amurka da aka kafa cikin jami'a a gefen makarantar likitoci, kuma a cikin waɗanda ta fara yayewa a 1869 akwai Robert Tanner Freeman, baƙar fata, wanda iyayensa suka taɓa zama bayi.

Ingila ta bi hanyar da ta fi tsawo. An buɗe asibitin haƙori na Landan a 1858, a 1860 kuma Kwalejin Masu Fiɗa ta fara ba da lasisin LDS ga wanda ya ci jarrabawarta. Da ƙoƙarin John Tomes da abokansa majalisa ta yi dokar 1878 wadda ta kafa rajista, amma dokar ta hana wanda ba shi da rajista ɗaukar sunan ne kawai, ba ta hana shi aikin ba, sai da dokar 1921 ta toshe wannan kafa. Digirin jami'a na sosai ya fara ne a Birmingham a farkon ƙarni na 20. Wasu ƙasashen Turai kuwa, irin su Italiya da Sifen da Ostiriya, sun daɗe a kan ra'ayin cewa sai mutum ya gama likitanci tukuna ya keɓanta ga baki, har sai da ƙa'idojin Ƙungiyar Tattalin Arzikin Turai na 1978 suka wajabta karatu na musamman na aƙalla shekara biyar, Italiya ta buɗe nata a 1980.

Abin da ya mai da karatun ilmi na haƙiƙa shi ne gano asalin ciwon. A 1890 Willoughby Miller, Ba'amurke mai bincike a Berlin, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki su ne suke sarrafa ragowar abinci mai zaƙi ko mai gari su fitar da tsami, tsamin nan kuma shi yake narkar da ɓawon haƙori har ya yi kogo. G. V. Black ya tsara ire-iren kogon aji-aji da yadda ake fafe kowanne kafin a yi ciko, kuma har yau ɗalibai suna haddace rabe-rabensa. Hoton ƙashi ya shigo daga 1896, allurar kashe zafi ta Novocain daga 1905. Sai dai makarantun Amurka da yawa na 'yan kasuwa ne, kuɗin ɗalibi suke nema, suna koyar da gwanintar zinariya ba tare da sanin cuta ba, har a 1910 wani likitan Ingila, William Hunter, ya yi lacca a Montreal yana zarginsu da rufe ruɓa da zinariya. Gyaran ya zo ta hannun William Gies, malamin kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Columbia, wanda shi kansa ba likitan haƙori ba ne. Ya zagaya makarantun Amurka da Kanada, ya fitar da rahotonsa a 1926 a ƙarƙashin Gidauniyar Carnegie, ya nemi a mai da karatun cikin jami'o'i, a ba shi malamai na dindindin da ɗakunan bincike, a kuma daidaita tushensa da na likitoci. Makarantun kasuwa suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Duk da wannan ilmi, aikin hannu bai bar wurinsa ba, kuma shi ne ya bambanta wannan digiri da sauran. Tun 1894, da Oswald Fergus na Sikotilan ya ƙago kan gunki mai muƙamuƙi, ɗalibi yakan share watanni a gabansa kafin a bar shi ya taɓa mutum: ga haƙoran roba ko waɗanda aka ciro daga majiyyata an dasa su a ciki, ga ɗan madubi a hannun hagu, ga injin fafewa a dama, yana koyon aiki a turmin sama na can ƙurya wanda ba ya ganinsa sai ta madubin, inda dama take komawa hagu, malami kuma yana zagayowa da tsinken awo yana duba zurfin ramin da milimita. Almajiri in ya ɓata rubutu yakan wanke allo ya sake, haƙorin babba kuwa in an fafe shi fiye da kima ba ya tsirowa. Saboda haka ne ake tsananta wa ɗalibi a wannan mataki, domin a shekarunsa na ƙarshe shi da kansa zai yi allura, ya yi ciko, ya cire, ya auna baki ya haɗa wa tsoho haƙoran roba, duk kafin ya karɓi shahada, abin da ba a ɗora wa ɗalibin likitanci irinsa.

A wajen Turai da Amurka, Dakta Rafiuddin Ahmed, wanda ya yi karatu a Iowa, ya kafa kwalejin farko ta Indiya a Kalkata a 1920, Alƙahira ta buɗe tata a 1925. A Nijeriya, 'yan ƙasa na farko a Birtaniya suka yi karatunsu, har Jami'ar Legas ta fara nata a 1966, sa'an nan Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya cikin shekarun 1970. Arewa ta daɗe ba ta da ko ɗaya, sai bayan shekara ta 2000 Jami'ar Maiduguri ta buɗe, Jami'ar Bayero ta Kano ta bi sahu. Karatun shekara shida ne ga wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB: shekarar farko ta kimiyya, sa'an nan a zauna aji ɗaya da ɗaliban likitanci a karanta halittar jiki da aikin gaɓoɓi da ilmin cututtuka da na magunguna, a zaga ɗakunan majiyyata, kafin a koma asibitin haƙori. Bayan shahada akwai shekara guda ta aiki a ƙarƙashin manya kafin Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ta ba da cikakkiyar rajista, sai kuma bautar ƙasa.

Jinkirin Arewa abin baƙin ciki ne, domin a nan ne ake fama da cutar noma, wadda take farawa da gyambo a dasashin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, ta kashe mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba, alhali idan wanda aka horar ya buɗe bakin yaron tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau sun isa su tsayar da ita. An kafa asibiti na musamman dominta a Sakkwato a 1999, kuma a Disamba 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.