Yadda Malam Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai

Jama'a masu saurare, daga nan Injamena har Kusuri da Maiduguri, duk wanda aka taɓa raba gadon shanu a gidansu ya san darajar alƙali. To shi alƙali ba da ƙuri'a ake zaɓensa ba, naɗa shi ake yi.

Ga misalin Malam Abubakar Gumi. Ya yi karatun shari'a a Kano, ya ƙaro ilimi a Bakht er-Ruda ta Sudan. A hajjin 1955 ya haɗu da Sardauna Ahmadu Bello, ya yi masa tafinta, nan aminci ya ƙullu. A 1960 aka ba shi mataimakin Alƙalin Alƙalan Arewa, a 1962 ya hau kujerar.

A lokacin an riga an mayar da hukuncin manyan laifuka ƙarƙashin sabuwar dokar 1960. Abin da ya rage wa kotunsa ta ɗaukaka ƙara a Kaduna shi ne aure, saki, wasiyya, gado da riƙon marayu, bisa mazhabar Malikiyya da mu ma muke bi. Wasu sun ce an rage wa shari'a ƙarfi. Gaskiya ne, amma a tambayi bazawarar da dangin miji suka hana ta tumuninta cikin garke ko wannan ƙaramin aiki ne.