Amsoshin Tambayoyinku: A Wasan Bezbol, Fili Ke Zaɓen 'Yan Wasa

Wani mai sauraronmu ya aiko yana tambaya, wai me ya sa masu buga wasan bezbol na Amurka a kwamfuta suke fara zaɓen fili kafin su zaɓi 'yan wasa?

To, malam mai tambaya, abin yana da tarihi. Ka san a bezbol, ɗan wasa kan bugi ƙwallo da sanda, in ta tsallake katangar fili ya ci. To amma nisan katangar nan da tsayinta ba ɗaya ba ne a ko'ina, kowane gari da irin nasa.

Filin Fenway na birnin Boston, wanda aka buɗe a 1912, yana da katanga ta hagu mai tsayin ƙafa 37. Shi kuwa filin ƙungiyar Yankees na New York da aka buɗe a 1923, a wancan lokacin kusurwarsa ta dama ba ta kai ƙafa 300 ba. Da yake bugun bahago ya fi karkata dama, sai ƙungiyar ta riƙa neman bahagwai. Babe Ruth da ya tsallakar da ƙwallo sau 60 a 1927, da Roger Maris da ya yi 61 a 1961, duk da hagu suke bugu.

A Saint Louis kuma a da filin faɗi gare shi, ga ciyawar roba mai sa ƙwallo gudu. Sai koci Whitey Herzog ya tara masu sauri maimakon ƙarfafa, suka ɗauki kofi a 1982, alhali sau 67 kacal suka tsallake katanga a shekarar. A Denver, inda aka buɗe filin Coors a 1995, tudun ya kai mita 1,600, iska ba nauyi, ƙwallo sai tashi take yi. A 1999 sau 303 ta tsallake katanga a can. Dole a 2002 aka fara ajiye ƙwallaye a ɗaki mai laima don rage abin.

Wasan kwaikwayon bezbol kuwa da kati da ƙwayar ludo ya fara: APBA a 1951, Strat-O-Matic a 1961, sannan na kwamfuta irin su Out of the Park a 1999. Sannu a hankali aka shigar da halin kowane fili cikin lissafi.

Saboda haka, tun da rabin wasanninka a gida za ka yi, in ka zaɓi fili mai gajeriyar dama, nemi bahagwai masu ƙarfin bugu. In mai faɗi ne, nemi masu gudu da gwanayen jifa. Sai dai ka tuna, sauran rabin a gidan wasu za ka buga.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.