Tali'Zorah ta wasan Mass Effect: Tarihinta, soyayyarta da rikicin ƙabilarta

Masu bibiyarmu, yau za mu ɗan kauce wa Kannywood da finafinan Indiya, amma ba nisa za mu yi ba, don labarin soyayya ne. A gidajen gem na Ikara, Makarfi ko Kudan, abin da aka fi bugawa ƙwallo ce sai faɗa irin na Mortal Kombat. Akwai kuma wasannin da tamkar fim suke, kai ne jarumin, kuma kai ke zaɓen abin da zai faɗa. Mass Effect yana cikinsu.

Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ne ya yi shi. Na ɗaya ya fito a 2007, na biyu a 2010, na uku a 2012, sannan a 2021 aka haɗa ukun wuri guda da sunan Legendary Edition. Jarumin shi ne Kwamanda Shepard, mai jan ragamar jirgin sararin samaniya Normandy, yana yaƙar wasu manyan injina masu suna Reapers da ke son shafe duk wata halitta mai wayewa. Abin da ka zaɓa a na ɗaya yana binka har na uku.

Wace ce Tali?

Cikakken sunanta Tali'Zorah nar Rayya, 'yar ƙabilar Quarian, gwanar gyaran inji. Ash Sroka ce ta yi muryarta. "Nar" na nufin jirgin da aka haife ka, "vas" kuma jirgin da ka koma da zama bayan ka girma, kamar a ce wane ɗan Kudan mazaunin Zariya. A al'adarsu matashi sai ya fita duniya ya samo wani abu mai amfani kafin a ɗauke shi babba. Ci-rani dai. A wannan fitar ta haɗu da Shepard.

Me ya sa ake kiransu da sunan jirgi? Don ba su da ƙasa. Kakanninsu sun ƙera mutum-mutumi masu suna Geth don su yi musu aikin ƙarfi. Da Geth suka fara tunani, har ɗaya ya tambaya ko yana da rai, sai tsoro ya kama Quarian suka yi yunƙurin kashe su duka. Geth suka rama, suka ci yaƙin, suka kore su daga duniyarsu Rannoch. Kusan shekara 300 kenan mutum miliyan 17 na yawo cikin jirage wajen 50,000. Majalisar da ke mulkin sauran ƙabilu ta rufe ofishin jakadancinsu, ga shi duk inda suka je kallon ɓarayi ake musu.

Zaman jirgi ya ƙara raunana garkuwar jikinsu, shi ya sa kullum suna rufe ruf cikin riga da gilashin fuska. Ƙwayar cuta kaɗan za ta iya kwantar da su.

Soyayyar

A na ɗaya ba a soyayya da ita. Masoya ne suka nuna suna so, sai aka buɗe ƙofar a na biyu, kuma sai in Shepard ɗinka namiji ne. Tana da kunya, in magana ta zo kan so sai ta riƙa in-ina tana murza hannu, irin dai yadda muka saba gani a fim in saurayi ya zo zance karon farko. Cire gilashin fuskarta kaɗai kasada ce da lafiyarta, sai ta sha magunguna tukuna.

Amma fa kafin nan akwai shari'a, kuma nan ne wurin da ya fi daɗi. Ana tuhumarta da cin amanar ƙasa, wai ta turo sassan Geth masu aiki zuwa ayarin jiragensu. Manyan hafsoshi biyar ke riƙe da tsaron Quarian, ɗaya mahaifinta ne, Rael'Zorah. Han'Gerrel yaƙi yake so, Zaal'Koris sulhu, Daro'Xen so take a sake mallake Geth kamar dā, Shala'Raan kuma aminiyar gidansu ce, Tali na kiranta goggo. Kana sauraron zaman za ka gane ba Tali ce damuwarsu ba, kowa na amfani da shari'ar ne don ya ja jama'a gefensa. Har sunanta sun sauya zuwa "vas Normandy" don su nuna ta zama bare.

Kun shiga jirgin Alarei, kun tarar mahaifin ya mutu, ga hujja cewa shi ne ya riƙa tayar da Geth da gangan yana gwajin makamai a kansu. Tali ta roƙe ka ka ɓoye. In ka miƙa hujjar, an wanke ta, amma sunan ubanta ya ɓaci, soyayya kuma ta mutu nan take. In ka yi shiru za a iya korarta daga cikin mutanenta. In kuwa ka tara kwarjini sosai a wasan, jawabinka kaɗai zai kuɓutar da ita. A ganina wanda ya tona asirin bai yi ƙarya ba, amma bai san darajar uba a wurin 'ya ba.

Rannoch

A na uku Quarian ne suka fara kai hari, Geth suka fake wurin Reapers. Han'Gerrel har wuta ya buɗe wa jirgin Geth alhali Shepard na ciki. Tali, in ba a kore ta ba, ta zama hafsa a kujerar mahaifinta, tana adawa da yaƙin amma tana cikinsa dumu-dumu. Wasan kuma ya nuna maka wani ɓangaren tarihi: akwai Quarian da suka kare Geth 'yan'uwansu suka kashe su, kuma Geth da kansu suka ƙyale sauran suka gudu.

Daga ƙarshe zaɓi ya rage gare ka. Ka bi Quarian, an shafe Geth har da abokinka Legion. Ka bi Geth, jiragen Quarian sun ƙone, Tali ta faɗa daga kan dutse, ko da kuwa budurwarka ce. Sulhu na yiwuwa, amma dole Tali da Legion su tsira a na biyu, kuma a ce ka yi wasu zaɓuka daidai tun can baya. A finafinanmu iyaye ko kishiya ke raba masoya, a nan al'umma guda ce a kan sikeli.

Masoya sun rabu. Wasu sun ce Quarian su suka jawo wa kansu, wasu sun ce jikoki ba sa biyan bashin kakanni. Ni ina tare da na biyun, duk da Zaal'Koris ya fi kowa gaskiya a cikin hafsoshin. Wani abin da ya tayar da ƙura a 2012 shi ne hoton fuskarta da take bar wa Shepard: an gano hoton wata mata ne na intanet aka yi wa kwaskwarima. An sauya shi a fitowar 2021. In kuma ba ka nemi Tali ko Garrus ba, to ƙarshen na uku za ka kama su biyun suna soyayyarsu.

'Yan kiɗa ku nemi "Vigil" na Jack Wall da "Leaving Earth" na Clint Mansell. Wanda ba shi da PS4 zai samu labarin a YouTube an jera shi kamar fim, sai dai na manya ne, akwai wuraren da ba na yara ba. A 2024 an sanar cewa Amazon na shirin yin fim mai dogon zango a kan Mass Effect.