Gangarar layi

Gangarar layi, a ilimin lissafi, adadi ne da ke nuna yadda miƙaƙƙen layi yake hawa ko sauka a kan jadawalin x da y. Ana samun ta ne ta hanyar raba canjin y da canjin x. Layin da ya ratsa ɗigo (1, 2) da (3, 8) gangararsa 3 ce.

Idan an san gangara m da ɗigo guda (x₁, y₁), ana rubuta layin haka: y − y₁ = m(x − x₁). Wajen zana y − 2 = 3(x − 1), ana fara sa ɗigo a (1, 2), a matsa taki ɗaya dama, a hau uku, sannan a ja layi da rula. Layin kwance gangararsa sifili ce, na tsaye kuwa ba shi da ita.

René Descartes na Faransa ya aza harsashin tsarin jadawalin x da y a 1637.